An zo yi mana ta'aziyyar mahaifina alhali yana raye

Wani ɗan'uwa ya rubuto min daga Legas, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'ajin kaya ne a wani kamfani. Mako uku da suka wuce, wajen ƙarfe 11 na dare, ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi, an kai shi asibiti a Funtuwa. Hankalina a tashe na rubuta wa manajarmu saƙo da Turanci cewa zan tafi gida. Na san disease na nufin cuta, don haka na so in ce Baba ba shi da lafiya. Abin da na tura shi ne: My father is deceased. Nan take ta ba ni hutun mako guda. Ina hanya saƙonni suka riƙa shigowa, wannan ya ce sorry, wancan ya ce take heart, na ɗauka sannu ake yi min da mai jiki. Abokan aiki suka yi karo-karo suka turo min naira dubu 70, na zuba a magani da kuɗin gado. Sai a rana ta uku na ga wani ya rubuta may his soul rest in peace. Gabana ya faɗi. Na duba ƙamus na gane abin da na yi, amma kunya ta hana ni cewa komai. Ashe wani abokin aikina ɗan garinmu ya faɗa wa yayansa, shi kuma ya ɗebo mutum biyu suka zo gida yin ta'aziyya, suka tarar da Baba a kishingiɗe a zaure, an sallamo shi. Baba ya ji komai. Tun ranar bai ƙara yi min magana ba, ban da cewa da ya yi, 'Ashe har ka binne ni.' Baffana yana cewa kashe ubana na yi da baki don in karɓi kuɗi. Na koma aiki, wasu sai kallona suke yi, manaja ba ta ce komai ba, ban san ko ta ji ba. Malam, mene ne ainihin bambancin kalmomin nan? Na yi ƙarya ke nan? Yaya zan yi da kuɗin? Har ajiye aikin nake tunanin yi."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Kafin komai, ya jikin Baba? Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa kaffara ce, ya ƙara masa nisan kwana mai albarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar nan guda ɗaya da tsohon ya yi maka. Za mu zo kanta. Amma bari in sauke maka wani kaya tun yanzu: kada ka ajiye aikinka. Wanda mahaifinsa ke kwance yana shan magani safe da yamma ba ya wasa da albashi. Kuma in ka tafi a wannan hali, ka sa hannu ke nan a kan abin da baffanka yake faɗi, kowa zai ce asiri ne ya tonu ka gudu.

Ka fara da tambayar kalmomin, kuma daidai ka yi, domin ba yadda za ka fahimtar da Baba abin da kai kanka ba ka gama ganewa ba.

Deceased na nufin wanda ya rasu: marigayi, mamaci. Diseased na nufin abin da cuta ta kama. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Kama ce kawai, kuma kama da wane ba wane ba ne. Mutane da yawa, har da masu digiri, suna zaton ɗayar daga ɗayar ta fito. Tunda cuta takan kai ga ajali, sai a ɗauka kalmar mutuwar ma daga kalmar cutar aka ciro ta. Ba haka ba ne. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ƙofar da suka shigo Turanci ta cikinta.

A shekarar 1066 Wiliyam, mai sarautar Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetaro teku da runduna ya ci Ingila da yaƙi a kusa da Hastings. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari har kusan shekara 300, talakawa na can da Turancinsu a gona da kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. A tsawon wannan zama dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci, kamar yadda na Larabci suka shigo mana ta hanyar addini da shari'a, irin su alƙali da wasiyya da jana'iza da ita kanta ta'aziyya. Tushen kalmomin nan naka biyu, decease da disease, duka a ƙarni na 14 aka fara ganin su a rubutun Turanci. Ayari ɗaya suka biyo, amma kowace da garinsu.

Ita decease tushenta Latin ne, harshen Rumawan da. A can decessus na nufin tashi daga wuri, barin waje, daga wata kalma cedere mai nufin tafiya. Gwamnan da wa'adinsa ya cika ya tattara kayansa ya bar lardin da yake mulki, da ita ake faɗin tafiyarsa. Shi ya sa har yau a Turanci wanda ya riga ka zama a kan kujerar aiki ya tashi ka hau ake ce masa predecessor. Da yake mutuwa abu ce mai nauyi a baki, sai Rumawa suka ari kalmar suka sakaya da ita: maimakon su ce wane ya mutu, sai su ce ya tafi. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane Bahaushe ne zai buɗe baki ya ce babansa ya mutu? Cewa muke yi ya rasu, ya koma, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya. Kalmar marigayi ma in ka tona ta, daga riga ta fito, wato wanda ya riga mu tafiya. To deceased ita ce marigayin Turawa, har yadda aka gina ta. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san ta sarai, domin a Faransancin yau ma décès ita ce rasuwa, takardar shaidar rasuwa kuma acte de décès suke ce mata. Da a Maraɗi ko Damagaram ka yi makaranta, da wuya ka faɗa wannan rami, don kalmarsu ta ciwo, maladie, ko kusa ba ta yi kama da ita ba.

Kalma ce ta kotu da asibiti da 'yan sanda da banki. Ba a cika faɗin ta a hira ba, a takarda take zama. Na taɓa taya wata maƙwabciyarmu cike takardun fanshon mijinta, tana cikin takaba. Kowane shafi muka buɗe sai mun gan ta a sama. Ta ɗora yatsa a kan kalmar ta ce, "Malam, wannan da take ta dawowa me take cewa?" Na ce mata, "Marigayi ke nan." Ba ta ce komai ba, ta ja mayafinta ta rufe fuska, muka ajiye biro sai da ta natsu. Nauyin abin da ka tura wa manajarka ke nan da ƙarfe 11 na dare. Don haka kada ka yi mamakin saurin da ta yi ta ba ka hutu, mutunci ta yi maka.

Ita kuwa disease gida biyu ce aka haɗa: dis da ease. Ease shi ne sauƙi, daga gare shi easy ta fito, wadda ka sani tun firamare. Dis kuma ɗan guntu ne da ake maƙala wa kalma a gaba don a juya ta, kamar yadda like ke komawa dislike, agree ke komawa disagree. Ka ga disease ke nan, rashin sauƙi. Da farko ma ba ciwo kaɗai take nufi ba, kowace irin takura ko damuwa da ita ake faɗi, daga baya ta tsuke ta tsaya a kan ciwon jiki. Nan ma tunaninsu ya zo ɗaya da namu. Mu ma ciwo rashin lafiya muke ce masa, wato da abin da aka rasa muke kiran sa. In an tambayi mai jiki sai ya ce da sauƙi, mai dubiya ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Sauƙin nan da muke roƙa wa majinyaci shi ne ease ɗin da ke kwance a cikin kalmar.

Ga yadda za ka riƙe su ba za su sake rikice maka ba. Rufe farkon kalmar, dis ko de, da yatsa ka dubi abin da ya rage. In ka ga ease, sauƙi ake nema, mai shi yana da rai. In ka ga cease, wadda ke nufin tsayawa ko ƙarewa, kuma ita da decease tushensu ɗaya, to numfashi ya tsaya.

Saura kunne, wanda a ganina shi ne ya fara yaudarar ka kafin hannu. Deceased ana faɗin ta ne kamar di-siist, da sautin s duka biyun. Diseased kuwa di-ziizd ce, da sautin z. Ɗora yatsu biyu a maƙogwaronka ka ja ssss, za ka ji shiru, iska ce kawai ke fita. Sake jan zzzz, za ka ji wurin yana kaɗawa kamar ƙudan zuma ya shiga. Bambancin ke nan, kuma ba sabo ba ne a bakinka. Ba ka taɓa zuwa kasuwa neman zuma ka ce a ba ka suma ba, ba ka taɓa kiran zabo sabo ba. Harshenmu ya raba s da z tsaf, kuma yadda muke faɗi haka muke rubutawa. Turanci ne ba ya riƙe wannan amana: sai ya rubuta s ya ce a karanta z. A cikin disease babu harafin z ko ɗaya, amma sau biyu ake furta shi. Yaron da ya koyi kalmar daga allon aji, bai taɓa jin ta a bakin mai harshen ba, da s zai karanta, kuma da zarar ya yi haka ta zama ɗaya da decease a kunnensa. Ƙari a kan haka, Hausa ba ta tara baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma, don haka st da zd ɗin nan na ƙarshe duk haɗiye su muke yi. Ramin da ka faɗa shi ne ke tsakanin price da prize, da rice da rise, da cease da seize. Ƙamus na Oxford da na Cambridge da ke intanet suna da ɗan hoton lasifika a gefen kowace kalma. Ka riƙa taɓa shi kana ji, kyauta ne.

Wayarka ma ba za ta cece ka ba. Ita abin da take ja wa jan layi shi ne kalmar da babu ita a ƙamus. Deceased kalma ce lafiyayya, ka rubuta ta daidai, ba ruwan waya da ko Baba na numfashi.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka: ko da diseased ɗin ka rubuta, ba ita ce kalmar ba. Masu harshen ba su cika faɗin ta a kan mutum sukutum ba. Likita zai faɗe ta a kan huhu ko hanta da ciwo ya ci, manomi a kan bishiya, malamin dabbobi a kan saniyar da ba za a bari a yanka ba. In ka ɗora ta a kan mahaifinka ta yi kaushi, kamar ka ce da Hausa jikinsa duk cuta ce. Abin da ake cewa shi ne ill ko sick. Da ka rubuta My father is very ill and has been admitted to hospital, wato mahaifina ba shi da lafiya sosai an kwantar da shi a asibiti, da magana ta ƙare. Ka kuma yi hattara da late. A Turancinmu na Najeriya in an ce he is late, rasuwa ake nufi, amma mutumin Ingila zai ji cewa makara ya yi. Su sai dai su sa ta a gaban suna, my late father. Ita ma sorry ɗin da ta ruɗe ka a hanya haka take a ƙasar nan: da ita ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe sannu, da ita ake duba marar lafiya, da ita ake gaisuwar mutuwa. Ban ga laifinka ba da ba ka farga da wuri ba.

Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da ke ci min rai shi ne mu malamai muna da hannu a irin wannan. Mun saba wa yara da cewa dogon Turanci shi ne ilimi, wanda ya rubuta sick bai iya ba, sai wanda ya nemo mai gaɓa uku. Ka san sick tun kana aji biyu. Abin da ya hana ka rubuta ta shi ne manaja za ka tura wa, kana so saƙon ya yi kama da na ofis. Daga yau, duk maganar da ta shafi rai ko kuɗi ko shari'a, ka ɗauki kalmar da ta fi gajarta, wadda ka tabbatar da ita kamar sunanka.

Yanzu tambayarka ta biyu: ka yi ƙarya? A daren nan, a'a. Ƙarya ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba don a gaskata shi. Kai ba ka san abin da ka faɗa ba. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure a kansa, sai dai abin da zukatanku suka yi da gangan. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito na mutumin da raƙumarsa ta ɓace masa a daji ɗauke da abincinsa da ruwansa, har ya fid da rai ya kwanta a inuwar bishiya, sai ga ta tsaye a kansa. Ya kama akalarta ya ce, "Ya Allah, kai ne bawana ni ne ubangijinka." Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce kuskure ya yi saboda tsananin farin ciki. Dubi girman abin da ya fita daga bakinsa, amma ba a kama shi da shi ba. Shi murna ce ta juya masa kalmomi, kai tashin hankali ne. A kan saƙon nan zuciyarka ta kwanta.

Amma ƙanena, da na tsaya a nan na ha'ince ka. Ka ce a rana ta uku ka gane. Daga ranar zuwa yau kusan kwana 18 ke nan, kuma a cikinsu ka san mutane sun gaskata abin da ba haka yake ba, ka san sun ba da kuɗinsu a kansa, ka yi shiru. Wannan shirun ba Turanci ne ya jawo shi ba. Na san kunya ce ba mugunta ba, amma kullum ka kwana a kansa yana ƙara kama da abin da ake zargin ka da shi. Da a ranar ka rubuta layi biyu ka ce jama'a ku yi haƙuri kuskure na yi Baba na nan da ransa, da mutanen nan uku ba su taka ƙofar gidanku ba. A nan laifinka yake, kuma a kansa za ka nemi afuwa, ba a kan harafi ba.

A daraja Baba ne farko, amma a lokaci manaja ce, tunda ita ce kusa kuma ta hannunta za ka sami damar tafiya gida. Ka same ta ranar aiki ta farko da safe, kafin ita ta kira ka, domin tunda ɗan garinku ya sani to ka ƙaddara labari ya kai mata, jira take ta ga ko za ka zo da ƙafarka. Ido da ido, ba ta waya ba. Kada ka yi doguwar shimfiɗa. Ka ce mata: Madam, I wrote deceased by mistake. My father is alive. He was ill in hospital. I noticed my error on the third day and I should have told you then. I am sorry. Wato kuskure na yi, mahaifina yana raye, asibiti aka kwantar da shi, na gane a rana ta uku kuma ya kamata in faɗa miki tun lokacin, ki yi haƙuri. Ka riƙe takardar sallama ta asibiti da rasit na magani a hannunka. Ka roƙi a cire makon nan daga hutunka na shekara, kuma ka nemi a gyara fayil ɗinka a rubuce. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi. In aka bar takarda tana cewa mahaifinka ya rasu, ranar da abin ya zo da gaske, Allah ya jinkirta ta, za ka je neman hutu a buɗe fayil a ce ai ka riga ka binne shi. Ba zan yi maka alkawarin ba za ta ba ka takardar gargaɗi ba. In ta bayar ka karɓa hannu biyu, ta fi sallama sauƙi.

Kuɗin kuwa ba naka ba ne tukuna. Gudummawar makoki aka ba ka, makoki kuma bai faru ba. A zauren WhatsApp ɗin da aka sanar da rasuwar, a nan za ka warware ta, gajere kuma a fili: ga kuskuren da na yi, ga jinkirin da na yi, kuɗinku sun tafi a magani, zan mayar. Ka sami wanda ya tattara karo-karon ku tsara, ko dubu goma-goma ne duk wata har wata bakwai. Na san mutanenmu, da yawa za su ce ka bar shi, ai jinya ma abin taimako ce, kuma in suka faɗi haka da bakinsu ya halatta maka. Amma kada ka yi tayin kana dogaro da za a yafe. Ka yi shi da niyyar biya, wanda ya ce yana son nasa ka ba shi ba tare da ɓata fuska ba. Za a yi ta tsokanar ka na ɗan lokaci, wataƙila ma a laƙaba maka suna. Ka daure, tsokana tana wucewa, zargin cin kuɗin mutuwa shi ne ba ya wucewa.

Sai Baba. Ina so ka zauna ka sa kanka a tabarmarsa. Mutum ne da ya faɗi bai san inda kansa yake ba, ya farka a gadon asibiti, ya ga yadda ake cuku-cukun kuɗi saboda shi. An dawo da shi gida, wanda jiya shi ke fita ya nemo, yau sai an kama shi ya tashi. Duk dattijon da ya shiga wannan hali akwai tambayar da ke cin sa cikin dare, ba ya faɗa wa kowa: anya ban zame musu kaya ba? Yana cikin wannan sai ga mutum uku sun yi sallama sun zauna sun ɗaga hannu za su yi wa gawarsa addu'a, kuma aka ce daga bakin ɗansa labarin ya fito. "Ashe har ka binne ni" ba maganar kuɗi ba ce, wannan ta baffanka ce. Shi tambayar ka yake yi ko ka gaji da shi.

Irin wannan ba a amsa ta a waya. Legas zuwa Funtuwa ba nan kusa ba ne, na sani, kuma kuɗin mota ya yi tsada, amma ka nemi ko kwana biyu ne ka haɗa da ƙarshen mako ka je. Kafin ka shiga wurinsa ka fara biyawa ta wurin wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko amininsa na ƙuruciya ko wata goggonka da suke shiri. Ka warware masa komai, ka nuna masa saƙon da lokacin da ka tura shi, da kiran ƙanwarka da ya zo mintoci kaɗan kafin nan. Ku shiga tare a lokacin da gida ya yi shiru, bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha. Ka durƙusa. Kada kalmar farko ta zama "ai Baba Turanci ne". In ka fara da bayani zai ji kare kanka ka zo yi. Ka ce, "Baba, na ɓata maka, na jawo maka abin kunya a gidanka, ka yafe min." Ka yi shiru ka bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, ko da zafi, ko da hawaye. Sai ya sauko sannan bayani, kuma gara ya fito daga bakin wanda ya rako ka.

In Baba ya yi karatun allo, bayanin ba zai yi masa wuya ba, domin ya fi ka sanin abin da ɗigo ɗaya ke yi. Tsakanin ra da zaira ɗigo ne kawai. In ɗalibi ya ɗiga tawada inda bai kamata ba, rahama ta koma zahama, jin ƙai ya zama cunkoso da matsi. Ya ga malami ya sa an wanke allo a kan abin da bai kai wannan ba. A ce masa haka Turancin ma yake, kalmar ciwo da kalmar rasuwa kusan rubutunsu ɗaya, yaron nan hannunsa na rawa ya ɗauki wadda ba ita ba. A kuma tuna masa, a hankali, cewa wanda ya binne ubansa a zuci ba ya kwana a mota daga Legas ya zo ya tsaya a kansa a asibiti.

Baffanka kada ka yi musu da shi, uba ne. Kuma zarginsa ba daga sama ya faɗo ba, ana samun masu kashe iyayensu a takarda don hutu ko kuɗi, ya ji labarinsu. Ka kai masa rasit ɗin maganin da saƙon da ka tura wa abokan aikinka na mayar da kuɗi, ka ajiye a gabansa ka ce, "Baffa, ga shi ka duba." In ya gamsu falillahil hamdu, in bai gamsu ba ka ci gaba da gaishe shi kamar da. Mutanen nan uku ma ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya. Zumunci ya kawo su, suka tashi da kunyar da ba su suka jawo ba, sun cancanci godiya da ban haƙuri.

Wataƙila Baba ba zai sake da kai a zama ɗaya ba. Kada ka matsa masa sai ya ce ya yafe a take. Ka kwana a ɗakinsa daren nan. In lokacin magani ya yi kai za ka ɓare ka miƙa masa da ruwa, in zai yi alwala kai za ka riƙe buta. Ka tambayi ƙanwarka ranar da likita ya ce a koma da shi, ka rubuta a wayarka, ranar ta yi ka kira tun da safe ka ji ko an sami mota. Ka rubuto min yadda kuka yi, kuma ka gaishe min da shi da jiki.